Ka dubi alama kafin ka taɓa akwatin rezo

Makon jiya wuta ta ɗauke a gidan rediyonmu, da ta dawo sai rezo ya ƙi dawowa. Labarun yamma ba su hau intanet ba. Muka yi ta zagin masu ba mu layi, ashe matsalar a cikin gida take. Yaron da ya saita mana suwic, akwatin nan mai ramuka 24 da wayoyin kwamfutoci ke shiga, ya yi aikinsa daidai amma bai adana shi ba.

Suwic na Cisco kamar gidan Bahaushe yake. In ka shiga ka ga alamar >, to a zaure kake, kallo kawai. Ka rubuta enable, ka sa lambar sirri in an saka ta, alamar ta koma #, ka shigo tsakar gida ke nan. Ka rubuta configure terminal, kalmar config ta bayyana, nan ne ɗakin maigida, abin da ka canza ya shafi gidan duka. In rami guda kake son gyarawa, sai interface da lambar ramin. Kalmar exit tana maido ka baya taki ɗaya, end kuwa ta kai ka tsakar gida kai tsaye.

Duk abin da ka canza yana aiki nan take, amma a ƙwaƙwalwar wucin gadi yake zaune. In ba ka koma # ka rubuta copy running-config startup-config ba, wuta na ɗaukewa aikin ya bi ta. A Maraɗi ko Damagaram lokacin zafi, wa zai ce bai san ɗaukewar wuta ba?

Mu dai ra'ayinmu shi ne, samarinmu masu wannan sana'a su daina kwaso umarni daga YouTube suna zubawa ido rufe. Ka fara duba ɗakin da kake tsaye. In ka rikice, danna alamar tambaya, na'urar za ta jero maka abin da aka yarda ka yi a wurin.

Ku kuma shugabannin lakwal, asibitoci da ofisoshi, kada ku sallami mai gyara sai ya ba ku lambar sirri da kofin saitin, ya kashe akwatin ya kunna a gabanku. Mu ba mu yi haka ba, shi ya sa muka kwana babu rezo.

Allah ya kiyaye gaba.