RA'AYINMU: SANYIN HUNTURU DA RAYUKAN MASUNTA

Daga ƙarshen watan Nuwamba har zuwa Fabrairu, iskar arewa maso gabas takan taso daga Hamada ta rufe ƙasar nan da hazo da sanyi. A Kano da kewayenta ma'aunin zafi yakan sauka zuwa digiri 12 ko 13 da daddare a watannin Disamba da Janairu, wani sa'in ma ya yi ƙasa da 10. Mutumin gari yakan rufe ƙofa ya ja bargo. Amma akwai dubban talakawa waɗanda wannan lokaci yake riska a tsakiyar ruwa, watau masunta, kuma ba safai ake jin hukuma ta ambace su ba idan ana maganar shirin hunturu.

Yawansu kuwa ba kaɗan ba ne. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, tafkin da ya taru a bayanta ya zama abin dogaron garuruwan Yawuri da Warra da Malale da ƙauyuka masu yawa a Jihohin Kabi da Neja. Madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, ta jawo masunta daga nesa zuwa Jihar Kano. Ga fadamun Haɗeja da Nguru, ga kuma Tafkin Cadi, inda Baga ta yi suna wajen cinikin banda.

Masu cewa ai sai masunci ya bari rana ta fito ba su san sana'ar ba. Kalli da mamari da yamma ake kafa su, a kwana ana gadinsu saboda ɓarayi, a ɗaga su da asuba don a riski dillalai a bakin ruwa kafin kifi ya juya. Asuba kuwa ita ce mafi sanyi a dukkan daren, domin sararin hunturu ba shi da gajimare ko laima da za su tare zafin da ƙasa take saki, sai ta yi ta hucewa har fitowar rana. Bugu da ƙari, karfasa da tarwaɗa sukan rage yawo da cin abinci idan ruwa ya yi sanyi, kamu ya ragu, mai iyali ya ƙara daɗewa a kan ruwa don ya sami abin cefane. Mai su da gora ya fi kowa shan wahala, don kuwa kwance yake a kan gorar, hannuwa da ƙafafu duk suna cikin ruwa.

Abin da ya kamata a fahimta shi ne, ba sai an yi ƙanƙara sanyi yake kisa ba. Zafin jikin mai lafiya digiri 37 ne, da zarar ya sauka ƙasa da 35 an shiga haɗari. Ruwa yana zuƙe zafin jiki fiye da iska kamar sau 25, saboda haka rigar auduga da ta jiƙe wajen jan taru, iska kuma tana kaɗa ta, ta fi rashin riga illa. Mutum yakan fara da makyarkyata, sa'an nan yatsu su ƙage har ya kasa riƙe filafili ko kwance ƙulli, magana ta soma sarƙewa, hankali ya gushe, barci ya riƙa fizgarsa. Idan makyarkyatar ta tsaya alhali mutum bai ji ɗumi ba, to, al'amari ya ƙazanta ke nan, ko da yake abokan aiki sukan ɗauka sauƙi ne ya samu. Gwanin iyo da ya faɗa ruwa a wannan hali ƙarfinsa ba zai kai shi gaɓa ba, kuma idan aka tsamo gawarsa, nutsewa za a ce ya yi, ba wanda zai ambaci sanyi.

Dabarun da masunta suke yi don kare kansu wasu suna da kyau, wasu kuwa su ma ajali ne. Kaskon garwashi a cikin kwalekwale daɗaɗɗen abu ne, amma kakannin da suka fara shi ba sa ɗaukar jarkar fetur ta injin a gefensa, ba kuma ragar roba suke amfani da ita ba. A sansanin bakin ruwa kuma akan shigar da garwashi cikin bukka, a toshe kowace kafa da leda ko tabarma, a kwanta. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kashe mai barci ba tare da ya farka ba. Idan an tsira daga wannan, ga gobara, wadda ba ta da wuya a bukkokin ciyawa a lokacin da komai ya bushe.

Mafi muni shi ne abin da ya yaɗu a tsakanin samari, watau shan ƙwayoyi irin su taramol, ko barasa, da sunan maganin sanyi. Barasa tana buɗe hanyoyin jini na fata, mai sha ya ji kamar ɗumi ya zo, alhali zafin cikinsa ne yake tsiyayewa waje. Ƙwaya kuwa tana kashe jin sanyin ne kawai, ta bar shi yana aikinsa. Kunu mai zafi ko shayi da sukari a cikin filas, da cin abinci sosai kafin a shiga ruwa, sun fi waɗannan amfani da araha.

Magungunan wannan matsala ba su fi ƙarfin kowace ƙaramar hukuma ba. Rigar leda da za a ɗora a kan tufafi ta tare ruwa da iska, hular sanyi, busassun kaya na canji a ɗaure cikin leda, da rigar ceto wadda take riƙe mutum a saman ruwa ko da gaɓoɓinsa sun mutu: ga su nan duka. Masunta suna biyan kuɗin lasisi, suna biyan haraji a kasuwannin kifi, don haka ba bara suke yi ba idan sun nemi a mayar musu da wani abu daga ciki. Bai kamata kuma a mai da rabon ya zama bikin ɗaukar hoto a sakatariya ba. A bi ta hannun Sarakunan Ruwa da ƙungiyoyin masunta, waɗanda suka san kowa da jirginsa, ko da a kan bashi mai sauƙi ne da za a biya bayan kamu ya gyaru.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wadda aka kafa a 1997 da hedikwata a Lokoja, ta fi mai da hankali ga jiragen fasinja, kuma ba a ga laifinta ba, ganin irin rayukan da suka salwanta a Warra cikin watan Mayu na 2021, da kuma a Bagwai cikin Nuwamban wannan shekarar. To, amma hana jigilar mutane da dare abu ne daban, hana masunci fita da dare kuwa daidai yake da hana shi cin abinci, kuma dokar da ba za ta biyu ba gara kada a kafa ta. Abin da Sarkin Ruwa zai iya zartarwa gobe ba tare da kwabo ba shi ne kada kowa ya kwana a ruwa shi kaɗai, kada kuma a fita da ƙananan yara da dare a watannin sanyi, domin jikin yaro ya fi na babba saurin hucewa.

Akwai kuma aikin ilimantarwa. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke Sabuwar Busa tana da masana, jihohi suna da malaman kifi, gidajen rediyo kuwa ana saurarensu har cikin kwalekwale. Ya kamata a riƙa faɗa wa masunta da Hausa da Kanuri da Nufanci daren da ake sa ran sanyi ko hazo zai tsananta, a kuma koya musu abin da za su yi wa wanda sanyi ya kayar. A cire masa jiƙaƙƙun kaya a hankali, a lulluɓe shi har kansa, a fara ɗumama ƙirji da ciki, kada a murza masa hannu da ƙafa, kada a kanga shi a bakin wuta, a ba shi abin sha mai ɗumi idan yana cikin hayyacinsa, sa'an nan a garzaya da shi asibiti. Ma'aikatan ɗakunan shan magani na bakin ruwa su ma suna bukatar wannan horo.

Wannan jarida tana kira ga Gwamnatocin Jihohin Kabi, Neja, Kano, Jigawa, Yobe da Barno da su sa wannan a cikin kasafin kuɗinsu, su kuma umurci ƙananan hukumomin da ke bakin ruwa su kammala rabon kayan kafin ƙarshen watan Oktoba na kowace shekara.