KUƊIN ƊAUKAR MA'AIKACI: ABIN DA AKE BIYA A FARANSA, DA ABIN DA AKE HANA MU A AGADAS



Akwai wata magana da ta yi yawa a bakin masu ɗaukar ma'aikata a ƙasar nan. In lebura ya ce a rubuta masa takardar aiki, ko direba ya ce a sa sunansa a asusun ma'aikata, sai a ce masa wannan al'adar Turai ce, nan ba Faransa ba ce, in an bi doka aikin ba zai ci riba ba. To, tun da an ambaci Faransa, bari mu je can mu duba lissafin. Mu da muke koya wa yara ƙidaya a lakwal mun san lissafi ba ya jin tsoron kowa.

A Faransa, in mutum zai ɗauki ma'aikaci ko da ɗaya ne, sai ya sanar da hukumar da ake kira URSSAF tun kafin ma'aikacin ya taɓa aiki, cikin kwana 8 da ke gaban ranar farawa. Wanda ya ɓoye ma'aikaci bai rubuta shi ba, doka ta yarda a ɗaure shi har shekara 3, a kuma ci shi tara har Yuro 45,000. Akwai albashin da ba a sauka ƙasa da shi. A watan Nuwamba 1924 babu wannan, domin sai a 1950 aka kafa shi, amma shekara ɗari bayan haka, a Nuwamba 2024, an kai shi Yuro 11.88 a kowace awa, wato Yuro 1,801.80 a wata kafin a cire kome. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne. Ku buga da kanku, za ku samu ya haura miliyan 1 da jaka 180.

Ba a nan kuɗin ya tsaya ba. Bayan albashi, ubangida yana zuba kuɗin magani da na tsufa da na iyali da na haɗari a wurin aiki da na zaman rashin aiki. Ga mai matsakaicin albashi wannan ƙari yakan kai wajen kashi 40 bisa ɗari, amma gwamnati tana sassauta shi ƙwarai ga mai ƙaramin albashi don kada a ƙi ɗaukarsa. Ubangida yana biyan rabin kuɗin tikitin mota ko jirgin ƙasa na zuwa aiki. Tun 2016 yana biyan aƙalla rabin kuɗin ƙarin inshorar lafiya. Aikin mako awa 35 ne tun shekarar 2000, hutun shekara da albashi mako 5 ne tun 1982.

Kora ma tana da ƙa'ida. Lokacin gwajin lebura wata 2 ne. In ya wuce, ba a sallamarsa sai da dalili na gaskiya, sai an kira shi an ji ta bakinsa, sai an aika masa da wasiƙa. Wanda ya yi wata 8 yana da kuɗin sallama: rubu'in albashin wata ga kowace shekara har shekara 10. Wato wanda ya yi shekara 8 ya tashi da albashin wata 2. In aikin na ɗan lokaci ne, ranar ƙarewa a ƙara masa kashi 10 bisa ɗari na duk abin da ya samu. In an zalunce shi, akwai kotun ma'aikata, rabin alƙalanta daga wajen iyayen gida, rabi daga wajen ma'aikata.

To, 'yan'uwa, wa ya ba leburan Faransa wannan duka? Ba kyauta aka yi masa ba. Hutun mako 2 da aikin awa 40 sun zo a 1936, bayan ma'aikata sun zauna cikin masana'antu sun ƙi aiki. Asusun kula da jama'a ya zo a watan Oktoba 1945, bayan yaƙi. A lokacin nan kakanninmu suna cikin aikin dole, ana dibarsu gyaran hanya da dakon kaya, ana kama raƙumansu, babu tamma ko ɗaya ta kirki. Sai ranar 11 ga Afrilu 1946 dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny ta hana aikin dole. Ƙasa ɗaya ce take mulki can da nan, amma doka biyu take da ita.

Iyayenmu ba su yi shiru ba. Ma'aikatan jirgin ƙasa na hanyar Dakar zuwa Bamako sun ajiye aiki ranar 10 ga Oktoba 1947, ba su koma ba sai 19 ga Maris 1948, suna neman a auna Baƙi da Fari da mudu ɗaya. Ranar 3 ga Nuwamba 1952 ma'aikatan Afirka ta Yamma ta Faransa suka yi yajin aiki na gama-gari. Ranar 15 ga Disamba 1952 aka fito da dokar aiki ta ƙasashen mallaka, a cikinta akwai awa 40, da hutu mai albashi, da mafi ƙarancin albashi, da izinin kafa sandika, da sufeton aiki. Kuɗin iyali ya biyo baya a 1956. A Nijar, Djibo Bakary yana cikin waɗanda suka jagoranci sandika a shekarun nan. Saboda haka duk wanda ya ce muku takardar aiki al'adar Turai ce, ku gaya masa gadon iyayenmu ce, da yunwar yajin aiki suka saye ta.

Yanzu mu dawo gida. Nijar tana da asusun ma'aikata, CNSS, tun 1965. Tana da dokar aiki ta ranar 25 ga Satumba 2012, ta ce aikin mako awa 40 ne. Mafi ƙarancin albashi ya zauna a sefa 30,047 tun 2012, sai a watan Janairu 2024 aka kai shi jaka 42. Ku aza jaka 42 kusa da miliyan 1 da jaka 180. Kuɗin lebura ɗaya a Faransa ya ɗauki lebura 28 a nan. Duk da wannan rahusa, akwai masu cewa rubuta ma'aikaci a asusu ya yi musu tsada. Ashe ba tsada ba ce damuwarsu, sun dai saba da samun gumin talaka a banza.

Ku dubi arewa da mu. An gano yuraniyom a Azelik a 1957. An kafa SOMAÏR a 1968, ta fara haƙa a Arlit a 1971. An kafa COMINAK a 1974, ta fara fitar da ƙarfe a Akokan a 1978. Shekara da shekaru wannan ƙarfe yana kunna fitila a Faransa. Ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe COMINAK. Ma'aikatanta na kanta, wajen 600, an yi musu tsarin sallama. Amma akwai ɗaruruwa da suka shiga rami ɗaya, suka shaƙi ƙura ɗaya, sai dai sunansu yana hannun 'yan kwangila, kuma ƙungiyoyin Arlit sun yi ta kuka cewa waɗannan ba a auna su da mudun da aka auna na farko ba. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Darasin da ke ciki a fili yake: ranar rabuwa, takarda ita ce take magana, ba yawan gumi ba.

A watan Yuni 2025 gwamnatin Nijar ta ba da sanarwar mai da SOMAÏR hannun ƙasa. Arzikin ƙasa a hannun 'yan ƙasa abin so ne. Amma muna faɗa da babbar murya cewa canjin ubangida kaɗai ba ya cika tukunyar lebura. In ɗan ƙasa ya hau kujerar Nasara ya ci gaba da ɗaukar mutane ta bayan ɗan kwangila babu takarda, lebura bai ga 'yanci ba, labarinsa kawai ya ji. Gwamnati ita ce ya kamata ta fara nuna misali, a Arlit, da wurin gawayin Tchirozérine, da duk inda take da hannu.

Muna da magana kuma ga samarin da ke bi ta tashar Agadas zuwa Dirku da Libiya, da niyyar tsallaka teku. An yi dokar hana safararsu a 2015, an soke ta a watan Nuwamba 2023, motoci kuwa suna tafiya. Ku sani, albashin nan da muka lissafa na mai takarda ne. Wanda ba shi da izinin zama da na aiki, doka ta hana a ɗauke shi, saboda haka sai ya faɗa hannun mai ɗauka a ɓoye, a gonar tumatir ko wurin gini ko bayan ɗakin girki, ana biyansa abin da aka ga dama. Kuɗin haya da na abinci a can kuwa suna cin albashi kamar wuta ta samu kara. Wanda ya bar aikin da babu takarda a gida, ya ratsa Tenere, ya tarar da aikin da babu takarda a Turai, me ya ƙaru da shi? In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Mun san abin da wasu za su ce. Za su ce tela mai keke biyu, ko maƙerin azurfa mai yaro ɗaya, ko mai mota ɗaya a tasha, ina zai samu albashin Faransa? Gaskiya ne, ba zai samu ba, kuma ba mu ce ya biya ba. Kowace ƙasa da ƙarfin kasuwarta. Faransa ma da kanta tana rage wa mai ɗaukar ƙaramin ma'aikaci nauyi. Abin da muke cewa shi ne, kada babban kamfani mai manyan motoci da injuna ya ɓuya a bayan tela. Kada mai haƙar zinariya a Jado ko Tchibarakaten, wanda yake da kuɗin sayen inji, ya ce ba shi da kuɗin jinyar yaron da rami ya rufta wa. Kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski.

Ga abin da muke nema:

1. Duk wanda ya ɗauki ma'aikaci na wata da wata ya rubuta masa takarda, a karanta masa ita da Hausa ko Tamashek kafin ya sa hannu.

2. A ba kowane ma'aikaci takardar albashi ƙarshen wata, a nuna abin da aka cire masa da abin da ubangida ya zuba a asusu.

3. Kamfanin da ya ba da kwangila ya ɗauki alhakin leburan ɗan kwangilarsa. In ɗan kwangila bai zuba kuɗin asusu ba, a bi kamfanin.

4. A ba sufeton aiki mota da mai, domin daga Agadas zuwa Arlit kaɗai ya fi kilomita 200, kuma ba a duba rami daga cikin ofis.

5. A sauƙaƙa wa masu ƙananan sana'a hanyar rubuta yaransu, da kuɗi kaɗan da takarda guda.

Ku kuma ma'aikata, akwai naku. Ku je ofishin asusu ku tambaya ko sunanku yana ciki, kada ku bari sai ranar tsufa ku tarar babu. Ku adana kowace takarda kamar yadda kuke adana takardar gida. Wanda bai iya karatu ba ya kawo wa wanda ya iya, mu 'yan lakwal aikinmu ke nan, ba mu karɓar ko dala. Ku shiga sandika, ku biya kuɗinta, ku tambayi shugabanninta lissafi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa na kusa da shi, sa'an nan ya miƙa ta gaba. Allah ya ba talaka hakkin guminsa, amin.

Haza wasalam.

Daga wani mushen lakwal, Agadas.