Malamin Kiɗa da Neman Ƙarin Ilmi

Masu iya magana sun ce gemu ba ya hana ilmi. Wannan zance ya shafi malamin kiɗa da waƙa wanda ya daɗe yana koyarwa da digirinsa na farko, har ya zama abin da ya koya wa yaran bara shi yake maimaita wa na bana. Irin wannan malami ya cancanci a ba shi damar komawa jami'a neman babban digiri.

Alal misali, a ƙasar Hangari, Zoltán Kodály ya fara yawon ƙauyuka yana tattara waƙoƙin gargajiya tun 1905. Ra'ayinsa shi ne yaro ya soma da waƙoƙin harshen uwa, da muryarsa, kafin ya taɓa kayan kiɗa. Bayan rasuwarsa a 1967, aka kafa cibiya da sunansa a garin Kecskemét a 1975, inda malamai daga ƙasashe da dama ke zuwa ƙaro sani.

Wasu shugabannin makarantu kan ce in an saki malami, wa zai riƙe ajinsa? To, ai ana iya shirya karatun a lokacin dogon hutu, ya zama ajin nasa shi ne fagen bincikensa. Ta haka malami a ƙasar Hausa zai iya nazarin waƙoƙin gaɗa da na tashe, ya tsara su daidai da shekarun yara. In ba haka ba, tsofaffin da suka san waƙoƙin za su shuɗe, yara kuma su tashi ba su gaje su ba.