Tsakanin Rigar Yaye da Allon Zayyana

 

Duk shekara idan watan Yuli ya kama, zangon karatu na uku ya zo ƙarshe, akwai wata 'yar takarda da takan shigo gidajenmu a cikin jakar yara. Takardar bikin yaye ɗalibai ce. A cikinta an jera kuɗin hayar riga da hula, kuɗin hoto, kuɗin abinci da lemo, kuɗin rumfa da kujeru, wani lokaci har da ankon iyaye mata. Wanda za a yaye kuwa sau da yawa bai wuce shekara biyar ba. Daga ajin nazare zai tsallaka zuwa aji ɗaya, a makarantar nan dai, ƙofa na kallon ƙofa. Takardar kuma tana zuwa ne a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, manomi na fafutukar kuɗin taki.

Kada a yi mana mummunar fahimta: faranta wa yaro rai abu ne da addininmu ya so. Imamul Bukhari ya ruwaito cewa an kawo wa Manzon Allah (SAW) tufafi, a cikinsu akwai wata ƙaramar riga mai ado, sai ya sa aka kawo masa yarinya Ummu Khalid 'yar Khalid bin Sa'id, ya sanya mata da hannunsa mai albarka, ya yi mata addu'ar tsawon rai, yana yaba adon rigar da kalmar Habashanci, domin a Habasha aka haife ta. Walimar kammala karatu ma tana da asali a wurin magabata. Baihaƙi ya kawo cewa Sayyidina Umar (RA) ya shafe shekara 12 yana koyon Suratul Baƙara, da ya kammala sai ya soke raƙumi. Hafiz Ibn Hajar kuwa, da ya gama rubuta Fathul Bari a shekara ta 842 bayan Hijira, bayan kimanin shekara 25 yana aikin, ya shirya gagarumar walima a Alƙahira wadda aka ce ta ci dinare 500.

Sai dai mu lura da abin da ya gabaci kowace walima daga cikin biyun nan. Aiki ne da aka yi aka gama, wanda kowa zai iya gani ya gwada. Tambayar da ta kamata mu yi wa kanmu kafin mu biya kuɗin riga ita ce: wane aiki ne ya kammala da muke wa murna?

Kakanninmu sun daɗe da amsa wannan tambaya a makarantar allo, kuma amsarsu ta cancanci mu tsaya a kanta. Yaro yana farawa da babbaƙu, yana sanin haruffa ɗaya bayan ɗaya da sunayen da malamai suka laƙaba musu da Hausa, irin su alu da ambaki. Idan sun zauna sai ya shiga farfaru, ya koyi wasulla. Daga nan ya fara haɗa baƙi, ya soma bin rubutu da yatsa. Malam ne ke rubuta masa allo da farko, har hannunsa ya faɗa ya fara ɗaukar alƙalami da tawada da kansa. Ƙa'ida ɗaya ce ke riƙe da tsarin duka: ba a wanke allo sai an biya karatu. Yaro zai durƙusa gaban malam ya karanta abin da ke allonsa. Idan ya zauna a ce ya je ya wanke, idan bai zauna ba ya koma ya ci gaba da maimaitawa, ko da sa'o'insa sun wuce shi da sura uku. Babu kalandar da ke ciyar da shi gaba. A gidaje da yawa, idan ya kai wata sura da ake ɗauka a matsayin zango, uwarsa takan yi 'yar sadaka, waina ko ƙosai ko gumba, a kai makaranta yara su ci, malam ya yi addu'a. Ranar sauka kuwa, bayan ya ratsa izu 60, a yi wa allonsa zayyana, ya karanta a bainar jama'a, a zaga da shi gidajen dangi. Ko a nan ba a ce ya gama ba, domin tishi na jiransa.

Ba muna cewa makarantar allo ba ta da nata matsalolin ba. Bara da bulala da rashin kulawar wasu iyaye zance ne na wata rana, kuma mun sha yin sa. Abin da muke nuni da shi shi ne hikimar ɗaura murna a kan abin da yaro ya iya. Wainar sadaka ba ta da tsada, amma yaron da aka yi dominsa ya san da guminsa ya samo ta.

Ajin firamare ma yana da irin waɗannan zanguna, sai dai ba mu cika ganin su ba, saboda suna faruwa ne ranar Talata da hantsi, lokacin da muke kasuwa ko ofis. Akwai ranar da yarinya ke fara riƙe fensir daidai ba tare da ta dunƙule hannu a kansa ba. Akwai ranar da yaro ke gane cewa "b" da "a" idan suka haɗu "ba" suke bayarwa, ya ƙara "ba" a gaba, ya ɗago kai cikin mamaki domin ya ga "baba" a kan allo. Wanda ya taɓa ganin fuskar yaro a wannan lokaci ba ya mantawa. Akwai ƙidaya da murafun kwalba da tsinken tsintsiya, har ranar da zai fahimci dalilin da ya sa ake ɗaukar ɗaya a kai gidan goma. Akwai shifta, da jadawalin sau da ake rerawa bayan an dawo daga tara, da aikin gida da malama ke dubawa da jan biro littafi bayan littafi, a aji mai cunkoso, da alli a hannu da ƙura a maƙogwaro. A darasin addini akwai ranar da yaro zai yi alwala daga niyya har wanke ƙafa ba a gyara masa ba, da ranar da Fatiha za ta fita daga bakinsa kowane harafi daga mafitarsa. Waɗannan su ne ilimin. Duk abin da zai zama nan gaba, likita ko alƙali ko malamin fiƙihu, a kansu zai hau.

To, suna samuwa kuwa? Rahoton da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, kusan yara tara cikin goma ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi a lokacin da suka cika shekara 10. Ba sai mun je Bankin Duniya ba ma. Kowannenmu ya san ɗan aji shida da ke haddace abin da aka rubuta a allo da Turanci, ya zuba shi a takardar jarrabawa, amma idan aka miƙa masa wasiƙar Hausa mai layi biyar sai ya tsaya yana kallon ta. Irin wannan yaro ne ake sanya wa doguwar riga da hula mai kusurwa huɗu, irin ta masu digiri, a miƙa masa takardar shaida a naɗe da zare, a ɗauki hoto.

A nan ne abin ya shafi addini kai tsaye. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Asma'u 'yar Abubakar (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya kamanta mai nuna ya mallaki abin da ba a ba shi ba da wanda ya sanya tufafi biyu na ƙarya. Yaron ba shi da laifi, bai san komai ba, an ce ya sa riga ya sa. Nauyin yana kan manya: makarantar da ta ba da shaidar abin da ta san bai tabbata ba, da mu iyaye da muka gwammace hoton da za mu ɗora a WhatsApp a kan mu zaunar da yaro mu ji karatunsa. Takardar shaida sunanta shaida, kuma mun san matsayin shaidar zur a cikin manyan zunubai.

Adalci ne mu faɗa cewa cutar ta tsallako har Islamiyyunmu. Sauka ta zama ta rukuni: an sa rana, an buga kalanda da jakunkuna masu hoton ɗalibi, an gayyaci manyan baƙi, saboda haka dole kowa a ajin ya sauka, wanda ya kai da wanda bai kai ba. A ba kowane ɗalibi 'yan ayoyin da zai yi wata guda yana maimaitawa, ranar taro ya rera su da murya mai daɗi, iyaye su tashi su yi liƙi. Buɗe masa Mus'hafi a wani shafi dabam, sai ka ji abin da zai hana ka barci. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Abdullahi ɗan Umar (RA) ya yi shekara takwas a kan Suratul Baƙara yana koyon ta. Mu kuma muna gaggawar sauke yaro domin kada ranar da aka kama zauren taro ta wuce.

Sannan ga batun wanda ba shi da shi. A kowane aji akwai maraya, akwai ɗan mai gadi, akwai 'yar wadda ke sayar da awara ta biya kuɗin makaranta da ƙyar. Idan kuɗin biki ya gagara, ɗayan biyu ne: ko uwa ta ci bashi ko ta sayar da 'yar akuyarta, ko kuma yaro ya zauna a gida ranar da abokansa ke sanye da riga, alhali wataƙila shi ne ya fi su karatu. Hadisin Abu Huraira (RA) da ke cikin Bukhari da Muslim ya siffanta walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta da cewa abincinta ne mafi sharrin abinci. Malaman mazhabarmu ma ba su bar wannan ƙofa a buɗe ba. Muhammad bin Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya rubuta littafi sukutum a kan ladubban malaman yara, kuma a ciki ya hana malami ɗora wa yara wata kyauta ko wani abu a kan ladan da aka yi yarjejeniya da shi. Fiye da shekara dubu ke nan, kamar yana kallon takardar da ke jakar 'ya'yanmu.

Masu makarantu suna da tasu hujjar, kuma mun saurare ta. Sukan ce iyaye ne ke nema, makarantar da ba ta yi biki ba sai a ɗauke ta ƙarama, a kwashe yara a kai maƙwabciyarta. Akwai gaskiya a ciki, shi ya sa ba mu ɗora laifin a kansu su kaɗai ba. Sukan kuma ce biki yana ƙarfafa gwiwar yaro. Wannan ma haka ne, matuƙar yaron ya san abin da ya yi aka yaba masa. Idan wanda ya yi ƙoƙari da wanda bai yi ba duk riga ɗaya za su sa, darasin da yara ke ɗauka shi ne kuɗin baba ke kawo yabo. A 2025 gwamnatin Jihar Imo ta hana bikin yaye 'yan nazare da 'yan aji uku na ƙaramar sakandare, ta bar shi ga 'yan aji shida na firamare da masu kammala babbar sakandare. Mataki ne mai kyau, ko da yake a tsarin dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 karatun tushe shekara tara ne, ɗan aji shida ma saura shekara uku a gabansa. Amma doka iyakarta ta hana taro. Ba za ta zaunar da uba ya saurari karatun ɗansa ba.

Akwai kuma wanda ake mantawa da shi a ranar bikin. Malamar aji ɗaya, wadda ta kama hannun yaran nan ta koya musu rubutu, sau da yawa ita ce ke jera kujeru da rabon robar shinkafa, manyan baƙi na zaune a babban teburi, kuma wataƙila albashinta bai kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 ba. Bayan yaƙin Badar, fursunonin da ba su da kuɗin fansa amma sun iya rubutu, an sanya fansarsu ta zama koya wa yaran Madina rubutu. Darajar koyar da baƙi ke nan a farkon Musulunci, daidai da 'yancin mutum. Da rabin abin da ake kashewa a rumfa da lasifika zai koma hannun malamai da sayen littattafan karatu, da an ga bambanci a aji kafin shekara ta zagayo.

Abin da muke kira gare shi ba mai wuya ba ne. A mayar da murna cikin aji, a ɗaura ta a kan zangunan gaskiya. Ranar da 'yan aji biyu suka iya karanta labari mai shafi guda, malama ta aika wa iyaye, a kawo dabino ko cincin, kowane yaro ya tashi ya karanta layi biyu, a yi musu addu'a a tashi. Wanda bai kai ba a ƙara masa lokaci, ranarsa na zuwa. Wanda ya haddace izu ɗaya a yi masa haka. Babban taro a bar shi sai ƙarshen aji shida da ranar sauka ta haƙiƙa, a cikin harabar makaranta, da kayan makaranta, ba tare da an ware kowa saboda kuɗi ba, kuma kafin a sa rana a samu malamai daga wajen makarantar su gwada ɗaliban. Ƙungiyoyin iyaye da malamai suna da ikon yanke wannan a zama ɗaya.

Kafin nan, idan takardar bana ta iso, akwai abin da kowane gida zai iya yi a daren. Bayan sallar Magariba a kira yaron, a ba shi littafin da bai taɓa gani ba daidai da ajinsa, a ce ya karanta ya faɗi abin da ya fahimta. A buɗe masa Mus'hafi a inda ba a shirya masa ba. A ba shi lissafin canjin cefane. Idan ya iya, a yi masa kyauta, a gaya wa kakanninsa, a yanka kaza in da hali. Idan bai iya ba, kada a dake shi, kada a kunyata shi gaban ƙannensa. Washegari uba ya ɗauki takardar bikin ya tafi ofishin hedimasta, ya tambaye shi abin da makaranta za ta yi wa karatun yaron kafin zango mai zuwa.