Asibitin Ƙwaƙwalwa Haƙƙin 'Ya'yanmu Ne

Jama'a, akwai wata magana da muka daɗe muna rufa-rufa a kanta a Agege, Idi-Araba da Mile 12, ga shi kuwa tana cin 'ya'yanmu. Yaro ya daina barci, ya kama surutai shi kaɗai. Yarinya ta wuni kuka babu dalili. Saurayi ya faɗa wa tiramadol. Me muke yi? Mu ce iska ce, mu kulle shi a ɗaki kada maƙwabta su ji. In abin ya gagara, mu sa shi a mota zuwa Arewa, gidan mari.

Shin mun manta da Rigasa? A shekarar 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a can Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, da yawansu yara, wasu da mari a ƙafa. Galibinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, da sunan neman gyara.

Babu mai hana addu'a. A yi addu'a, a kuma je asibiti, domin taɓin hankali ciwo ne kamar hawan jini, yana da likitoci, yana da magani. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Wasu kan ce, "Mu baƙi ne, wa zai saurare mu?" Wannan magana ba ta da tushe. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya haramta nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila, addini ko asalinsa. A watan Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma hana ɗaure majinyaci da sarƙa. Asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba na Gwamnatin Tarayya ne, yana da sashen yara da matasa a Oshodi. Na Aro a Abekuta shi ma na Tarayya ne. Harajin da muke biya a kasuwa da tasha bai san Bahaushe da Bayarabe ba, don me magani zai san su?

Gaskiya ne likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa ne kacal ga mutum sama da miliyan 200. Layi dogo ne, magani na cin kuɗi. Sannan ga matsalar harshe: uwar da ba ta jin Turanci ko Yarabanci, yaya za ta bayyana wa likita abin da ɗanta ke ji a ransa? Don haka muke kira ga shugabannin asibitoci su tanadi masu fassara, muke kuma roƙon Sarakunan Hausawa da limamanmu su ɗauki maganar nan su kai ta inda ya dace.

Ku kuma iyaye, ku fara da ƙaramin asibitin unguwa, ku nemi takardar turawa zuwa babban asibiti. Ku tafi da wanda ya iya karatu. Ku rubuta ranar da ciwon ya fara da duk abin da yaron ke sha, kada ku ɓoye wa likita komai. Yaron da ya ambaci kashe kansa kuwa, a kai shi a ranar, kada a bar shi shi kaɗai. Duk wanda aka kora saboda asalinsa, ya zo ofishin ƙungiya mu rubuta ƙorafi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.

Sakataren Ƙungiya