Kada mu zubar da tsofaffin hannayen gem



Tun bayan ambaliyar Alau ta Satumba 2024, masu gidajen gem da dama a Maiduguri ba su iya sake sayen PlayStation ba. Mu a nan Old Maiduguri, shawararmu ga matasanmu ita ce su daina cin bashi saboda na'ura sabuwa. Wanda ke da laftof mai ɗan ƙarfi, tsohon hannun gem ya ishe shi komawa sana'a.

Hannun Xbox, da ka jona shi da wayar USB, Windows za ta gane shi. Na PS4 kuwa yana son manhajar Steam ko DS4Windows, duka kyauta ne. Idan ta Bluetooth ne, ka danne Share da PS tare har fitilar ta fara ƙiftawa. Na PS2 sai da adafta. In kwamfuta ta ƙi ganin hannu, fara canza waya kafin ka ce ya mutu, domin wasu wayoyin caji kawai suke yi.

Iyayenmu za su ce wannan shiririta ce, kuma tsoronsu na kan hanya. Dole masu shago su rufe lokacin sallah, su kori yara lokacin boko da islamiyya. Amma yaron da ya iya saita hannu da manhaja ya fara koyon gyaran kwamfuta ke nan.

Wanda ya iya, don Allah ya koya wa ƙannensa. Allah Ya sa albarka a nemanmu.