Raddi Ga Masu Cewa Dukiya Ce Shaidar Kusanci Da Allah

Wata koyarwa ta cika majami'u da filayen wa'azi daga Jos zuwa Kaduna, daga Sabon Garin Kano zuwa Yola, har ta fara shiga bakin waɗanda suka tashi a ikkilisiyoyin da ba su san ta ba a da. Abin da take cewa shi ne: wanda ya matso kusa da Allah za a gani a aljihunsa da jikinsa. In kuwa mai bi ya daɗe cikin rashi ko ciwo, to bangaskiyarsa ce ba ta girma ba, ko ya ɓoye wani zunubi, ko bai shuka iri yadda ya kamata ba. Masu wannan magana 'yan'uwana ne cikin Almasihu, kuma na yarda da yawansu da zuciya ɗaya suke yi. Tun da dai daga Littafi Mai Tsarki suke kawo hujjojinsu, da shi za a amsa musu.

A fara da asalinta, domin ba gadon manzanni ba ce. A Amurka ta yi tashe bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a bakin masu wa'azi irin su Oral Roberts da Kenneth Hagin na birnin Tulsa, kuma Roberts ne ya yaɗa ɗaukar baiko a matsayin irin da za a girbe da riba. A Najeriya, Akbishop Benson Idahosa na Benin, wanda ya rasu a 1998, ya fi kowa ba ta ƙarfi. Shi Hagin ɗin da kansa, a littafinsa The Midas Touch na shekarar 2000, ya tsawata wa masu bin sawunsa a kan wuce gona da iri wajen neman kuɗi daga hannun jama'a.

Hujjarsu ta farko ita ce aya ta 2 ta wasiƙar Yohanna ta uku, inda manzon ya yi wa Gayus fatan lafiya da samun nasara a al'amuransa. Wannan gaisuwar buɗe wasiƙa ce, irin wadda kowane Bahaushe yake fara takardarsa da ita, yana fatan ta sami mutum lafiya. Ba wanda ya taɓa kai irin wannan takarda gaban alƙali ya ce an yi masa alkawari. Sa'an nan a duba yadda Yohanna ya jera maganar: ya riga ya tabbata ran Gayus lafiya yake, fatansa shi ne jikin ma ya samu haka. Da me ya gane lafiyar ran? Ayoyin da suka biyo baya sun faɗa: mutumin yana tafiya cikin gaskiya, yana saukar da baƙin masu bishara a gidansa. Ba a ambaci abin da ya mallaka ba.

Ta biyu, suna cewa mu 'ya'yan Ibrahim ne, Ibrahim kuwa mai dabbobi da azurfa da zinariya ne. Haka ne, Farawa 13 ta faɗa. Amma Bulus bai bar mu mu yi ta cinta ba a kan abin da muka gada. A Galatiyawa 3:14 ya bayyana albarkar Ibrahim da ta iso ga al'ummai, ya ce alkawarin Ruhu ne da ake karɓa ta wurin bangaskiya. In da dukiya ce ma'auni, da Sulemanu ya fi kowa kusanci da Allah a tsufansa, alhali 1 Sarakuna 11 ta nuna a lokacin ne zuciyarsa ta karkata ga gumaka. Ubangiji Yesu ma ya yanke hukunci a kan ikkilisiyoyi biyu a littafin Ru'ya ta Yohanna. Simirna matalauciya ce mai shan tsanani, ya kira ta mawadaciya, bai same ta da laifi ko ɗaya ba. Lawudikiya tana taƙama da arzikinta, ya kira ta matsiyaciya, makauniya, yana tsaye a waje yana ƙwanƙwasa ƙofarta.

Ta uku ita ce shuka iri. Suna karanta riɓi ɗari na Markus 10:30, su tsaya kafin ayar ta ƙare, domin a cikin jerin abin da aka alkawarta har da tsanani. Suna karanta shuka da girbi na 2 Korintiyawa 9, su manta cewa gudummawa ce Bulus yake tarawa domin matalautan masu bi na Urushalima, ba domin mai wa'azi ba, kuma waɗanda ya yaba wa a sura ta 8, mutanen Makidoniya, cikin matsanancin talauci suka bayar. A misalin mai shuka kuwa Yesu da bakinsa ya ce irin Maganar Allah ce, ya kuma lissafa ruɗin dukiya cikin ƙayar da take shaƙe shi. Mutum ɗaya ne a Ayyukan Manzanni ya miƙa kuɗi don ya sami ikon Ruhu, wato Siman na Samariya, kuma Bitrus ya gaya masa zuciyarsa ba daidai take a gaban Allah ba, ya tuba.

Ta huɗu, al'ajibai da harsuna da annabci. Ban musa cewa Allah yana warkarwa ba, ina kuma yi wa marasa lafiya addu'a. Sai dai baiwa dabam, girma dabam. Ikkilisiyar Korinti ba ta rasa kowace baiwa ba, Bulus ya shaida mata haka a sura ta farko ta 1 Korintiyawa. A sura ta uku ya kira su jarirai, saboda kishi da jayayya da rarrabuwa. Ga shi kansa Bulus, wanda Allah ya warkar da mutane ta hannunsa: sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, aka ba shi alherin ɗaukarta. Ya bar Tarofimas a Militas ba lafiya. Timoti yana fama da ciwon ciki. Wanne ne a cikinsu bangaskiyarsa ta gaza?

Hujjar da ta fi yi mini ciwo ita ce ta biyar, cewa wahala alamar nisa da Allah ce. Wannan tsohuwar magana ce, abokan Ayuba ne suka yi ta, kuma a ƙarshen littafin Allah ya husata da su, sai da Ayuba ya yi musu addu'a. Almajirai sun maimaita ta a kan mutumin da aka haifa makaho, Yesu ya ce ba zunubinsa ba ne, ba na iyayensa ba. Mu a Arewa ba ma bukatar zuwa nesa. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda tushenta ya kafu a Garkida a 1923, ta ga an ƙone majami'unta, an watsa jama'arta, kamar yadda Boko Haram ta watsa maƙwabtansu Musulmi. Yawancin 'yan mata 276 da aka kwashe a Chibok a watan Afrilun 2014 'ya'yanta ne. Rabaran Lawan Andimi, limaminta kuma shugaban Ƙungiyar Kiristocin Najeriya (CAN) na Michika, ya yi magana daga hannun waɗanda suka kama shi cikin natsuwa, yana miƙa al'amarinsa ga Allah, aka kashe shi a Janairun 2020. Leah Sharibu tana da shekara 14 aka ɗauke ta a Dapchi a Fabrairun 2018, aka saki abokanta aka riƙe ta domin ta ƙi musun Ubangijinta. Ina tambayar mai wannan koyarwa da dukan girmamawa: zai iya tsayawa a sansanin 'yan gudun hijira, gaban gwauruwar da ta binne mijinta kuma take rera waƙar yabo kowace safiya, ya ce mata irinta ne bai isa ba? Koyarwar da ba za a iya faɗa a wurin ba, bai kamata a faɗe ta a kan mumbarin Abuja ba. Ibraniyawa 11 ta haɗa waɗanda suka tsira daga kaifin takobi da waɗanda aka kashe da takobi a jeri ɗaya, ta ce dukansu an yi musu kyakkyawar shaida saboda bangaskiya.

To, da me ake gane girma? Galatiyawa 5 ta lissafa 'ya'yan Ruhu guda tara, duka hali ne: ƙauna da haƙuri da tawali'u da kamun kai da sauransu. Hanyarsu kuwa sananniya ce, ba ta da hayaniya. Karanta Maganar Allah, wadda muke da ita cikakkiya da Hausa tun 1932. Addu'a a ɗaki, ƙofa a rufe, yadda Matiyu 6 ta koyar. Furta zunubi ba tare da kawo uzuri ba. Zuwa Jibin Ubangiji bayan an shirya da wanda aka ɓata da shi. Yohanna 15 ta ƙara abu mai wuya: reshen da yake ba da 'ya'ya shi ne ake datsewa don ya ƙara. Wannan aiki na shekaru ne, kuma sau da yawa matar mutum da yaran shagonsa ne suke fara lura da shi kafin fasto.

Masu wannan koyarwa za su ce muna ɗaukaka talauci. Ba haka ba ne. Bulus ya umarci Tasalonikawa su yi aiki su ci guminsu, Yakubu kuma ya tsauta wa wanda ya sallami mayunwaci da fatar baki. Masu bisharar da suka kafa asibitocin Vom da Garkida, da na Galmi a Nijar a 1950, yaƙi suka yi da ciwo da rashi, ba su kuwa ce wa majinyaci ya kawo iri tukuna ba. Babban taron masu bishara na Lausanne a Cape Town a 2010 ya tsaya a kan wannan: ya yarda Allah yana sa albarka yana kuma warkarwa, ya ƙi a mai da dukiya ma'aunin tagomashi a wurinsa. Abin da nake roƙon 'yan'uwana shi ne su buɗe wasiƙar Simirna, da ƙayar Bulus, da rabin ƙarshe na Ibraniyawa 11 a gaban jama'arsu ranar Lahadi, su yi wa'azi a kansu aya bayan aya.